Me Ya Kai Ƙafin Maiyaki Bayan Zariya? Tarihin Jeri Daga Littafin Haraji Zuwa Python



Duk wanda yake da kwamfuta, ko waya mai ɗauke da Python, zai iya gwada wannan yau ɗin nan. Ya rubuta sunayen garuruwa shida a jeri guda: Ƙafin Maiyaki, Bebeji, Zariya, Kiru, Doguwa, Tudun Wada. Sai ya ba jerin umarnin da ake kira sort, wato ya ce a tsara su bisa haruffa. Abin da zai fito shi ne Bebeji, Doguwa, Kiru, Tudun Wada, Zariya, sannan can ƙarshen layi Ƙafin Maiyaki. Ɗan aji biyu na firamare ya san Ƙ tana bin bayan K ne, don haka mazaunin Ƙafin Maiyaki yana nan kusa da Kiru, kamar yadda garin yake a ƙasar Kiru ɗin a zahiri. Amma na'ura ta ɗauke shi ta kai shi bayan Zariya, kuma ba ta lalace ba, aikin da aka koya mata ta yi.

Na san wani zai ce ina ruwan marubuci da wannan. Ruwansa da yawa. Wanda yake tara karin magana don ya buga, da wadda take so ta sa ma'anar kalmomi a ƙarshen littafinta, da mai haɗa manuniyar sunaye a littafin tarihin garinsu, duk jeri suke yi, kuma yau na'ura ce take tsara musu. Haka sunayen manoman da za a ba taki, da na ɗaliban da za su zana jarrabawa. Wanda aka nemi sunansa a ƙarƙashin K ba a gani ba, ba kowane akawu ne zai sauka ƙasan Z ya duba ba.

Jeri kam ba baƙonmu ba ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, ƙashin bayansa jeri ne: sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, kowane da tsawon mulkinsa da abin da ya faru a zamaninsa. Irin wannan jeri hanya ɗaya yake girma. In sarki ya rasu aka naɗa wani, sai a ƙara sunan sabon a ƙarshe. Ba a cusa kowa a tsakiya, ba a juya layi. Muhammadu Rumfa shi ne na ashirin, kuma ba don harafin sunansa ba, don lokacinsa ne. Masu Python suna kiran wannan aiki append, ƙari a ƙarshe. Abin dariya ɗaya shi ne Python daga sifili take fara ƙirga mazauni, don haka a wurinta Bagauda ne mai lamba 0, Rumfa kuwa mai lamba 19.

Jerin da ya fi taɓa talakan Kiru da Bebeji da Tudun Wada ba na sarakuna ba ne, na haraji ne. A zamanin En'e, kowace shekara sai an ƙidaya mazajen da suka isa biya, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, malaman haraji suna rubutawa. Ku dubi ayyukan da malamin haraji yake yi da alƙalaminsa. Yaro ya balaga, a ƙara shi. Baƙo ya sauka a gidan wane, a saka shi ƙarƙashin maigidan, ba a ƙarshen littafi ba. Wane ya rasu ko ya yi ƙaura, a soke shi. Mutum nawa ne a unguwar nan, a ƙirga. Ina sunan wane, a nemo layinsa. Ƙauyuka biyu sun koma hannun dagaci ɗaya, a haɗe takardunsu. A kwafi littafin a aika birni. In kuka ɗauki waɗannan ayyuka kuka sa musu sunayen Turanci, kun samu append, insert, remove, count, index, extend da copy, wato bakwai daga cikin umarni goma sha ɗaya da aka gina a jikin jerin Python. Ragowar huɗun su ne pop, mai zare abu daga jeri ya miƙo maka shi, da clear mai share komai, da reverse mai juya layi, sai sort. Clear ɗin ma an taɓa yi wa littafin haraji: a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Abin lura shi ne malamin haraji bai buƙaci tsarin haruffa ba. Unguwa unguwa yake bi, gida gida, maigida a sama, ƙannensa da 'ya'yansa a ƙasa. Bahaushe da girma yake jera mutane, ko da shekaru, ko da wanda ya riga zuwa. Ku tuna yadda hakimai suke bin juna a hawan salla, ko yadda maroƙi yake kiran sunaye a taron biki. In ya kuskura ya gabatar da ƙarami a kan babba, ranar ba zai sha da daɗi ba. Tsarin haruffa wata dabara ce ta kauce wa wannan rigima: kowa ya tsaya inda harafinsa ya ajiye shi, ba a fifita kowa. Amma dabarar ba ta aiki sai an yarda da wane harafi ne gaba da wane.

Ba wa haruffa lamba kuwa, malamanmu sun daɗe da shi. Kalmar abajada kanta daga alif, ba, jim, dal ta fito, masu ƙimar 1, 2, 3, 4. Da wannan hisabi ne marubutan waƙoƙin Daular Usmaniyya suke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. Lissafin Magrib suke bi, inda shin take 1000, ra take 200, shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na goma sha uku na Hijira ake yawan ganin shin da ra a cikinsa. A lissafin gabas kuwa shin 300 ce. Wanda ya ɗauko lissafin gabas ya warware ramzin Sakkwato da shi, zai kuskure shekarar da ɗaruruwa. Ku riƙe wannan, domin ciwon Ƙafin Maiyaki ke nan: harafi ɗaya, teburin lamba daban.

Boko ya zo da nasa jerin, amma ya ɗauki lokaci kafin ya samar wa sautukanmu gurbi. Turawan farko da suka rubuta Hausa, wasu ɗigo suke sa wa a ƙarƙashin b da d da k, wasu alama a gefe, wasu ba sa bambancewa sam. Haruffa masu lanƙwasa sun samo tushe daga tsarin rubutun harsunan Afirka da wata cibiya a Landan ta fitar a ƙarshen shekarun 1920 ƙarƙashin jagorancin Diedrich Westermann, suka zauna a rubutun Hausa a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake riƙe da Hukumar Talifi a Zariya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ta taimaka wajen sabar wa idon masu karatu da su. Daga nan aka samu jerin da aka koya mana a makaranta: b sai ɓ, d sai ɗ, k sai ƙ, s sai sh, t sai ts, y sai 'y. Ba ado ba ne. Shi ne ya raba kafa da ƙafa, baki da baƙi, kare da ƙare.

A daidai lokacin da ake wannan gyara a Zariya, can Amurka na'urorin tsara katuna sun riga sun shekara arba'in suna aiki, tun daga ƙidayar jama'a ta 1890 da aka yi da katunan Herman Hollerith masu huji. Da kwamfuta ta zo, tsara jeri yana cikin ayyukan farko da aka ɗora mata. John von Neumann ya rubuta hanyar raba jeri a tsara a sake haɗewa tun 1945. Labarin da ya fi burge ni shi ne na Tony Hoare, ɗan Ingila da yake karatu a Mosko a 1959. Aikin fassarar Rashanci zuwa Turanci da na'ura yake tunani a kai. Ƙamus ɗin yana kan faifan tef, a tsare bisa haruffa, kuma tef ba ya tsallake, sai an bi shi daga farko. Don haka sai an tsara kalmomin jimla bisa haruffa kafin a nemo su a zagaye ɗaya. Daga wannan buƙata ya ƙirƙiro Quicksort, ɗaya daga cikin hanyoyin tsarawa mafi shahara a duniya. Matsalar ƙamus ce ta haife ta, ba ta lissafin kuɗi ba.

Shi kansa jeri a matsayin abin da harshen kwamfuta ya sani, ya fara ne da IPL, wanda Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon suka ƙera a 1956, sai LISP na John McCarthy a 1958, wanda komai nasa jeri ne, har manhajar da aka rubuta da shi. A shekarun 1980, a cibiyar CWI ta Amsterdam, an yi wani harshe mai suna ABC don masu koyo. Jerin ABC kullum a tsare yake. Ko me ka saka, harshen ne zai zaɓa masa mazauni. Guido van Rossum ya yi aiki a kan ABC, kuma da ya fara Python a Disambar 1989, ya fitar da shi a Fabrairun 1991, bai ɗauko wannan hali ba. Jerin Python yana riƙe abubuwa yadda ka zuba su, sai ka ce a tsara. A ganina wannan shawara ce mai kyau. Da ABC aka ba sarakunan Kano, da Abdullahi Maje Karofi ya sha gaban Bagauda.

Daga cikin umarni goma sha ɗayan nan, sort ne ya fi shan gyara. A 2002 Tim Peters ya rubuta masa sabuwar hanya, wadda aka laƙaba wa Timsort, ta shigo da Python 2.3. Hikimarta irin ta tsohon akawu ce: jerin duniya ba kasafai yake zuwa a hargitse gaba ɗaya ba, akwai guntaye da suka riga suka tsaru, sai a gano su a haɗe, maimakon a wargaza komai a faro daga tushe. Kuma ba ta sauya matsayin abubuwan da suka yi kunnen doki. In ka tsara manoma bisa suna, sannan ka sake tsara su bisa mazaɓa, a cikin kowace mazaɓa sunayen suna nan a tsarensu na farko. Java ta ari wannan hanya, Android ma haka, don haka akwai yiwuwar tana aiki a wayar da kake karanta wannan maƙala. A 2004, Python 2.4 ya ƙaro abubuwa biyu. Ɗaya sorted, wanda yake ba ka sabon jeri a tsare ya bar na asali yadda yake, saɓanin sort da yake juya na hannunka ba tare da ajiye tsohon tsari ba. Mai tara waƙoƙi bisa yadda ya ji su daga bakin tsofaffi ya kiyaye wannan bambanci, don tsarin da aka ji su ma tarihi ne. Na biyun shi ne key, za mu dawo kansa.

To duk wannan gwaninta ta sauri ce. Tambayar wane harafi ne gaba, sort ba ya amsa ta da kansa, lamba yake dubawa. A 1963 Amurkawa suka fitar da teburin ASCII mai gurbi 128, aka ƙara ƙananan haruffa a 1967. A ya samu 65, K 75, Z 90, ƙaramin a 97, ƙaramin z 122. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shekaru da dama masu buga Hausa a kwamfuta dabara suka yi ta yi: aka ƙera fon na musamman da suke aron mazaunin wasu alamomi su zana haruffanmu a kai. Ya yi amfani ƙwarai a lokacinsa, amma duk wanda ya taɓa buɗe tsohon fayil ya ga }asa a madadin ƙasa, ko ]aya a madadin ɗaya, ya ga abin da yake faruwa in fon ɗin ba ya nan.

Unicode, wanda ya fara fita a 1991, shekara ɗaya da Python, shi ne ya ba haruffanmu lambobinsu na kansu. Sai dai gurbin kusa da b da d da k an riga an cike shi, don haka aka sauke su can nesa. Ɓ ta samu 385, Ɗ 394, Ƙ 408. Da Python ya kwatanta Z mai 90 da Ƙ mai 408, hukunci ya ƙare: Zariya gaba, Ƙafin Maiyaki baya. A jerin ƙananan hukumomi 44 na Kano, in aka rubuta su da Hausa daidai, Ɗambatta da Ƙaraye sai bayan Wudil. Ƙananan haruffan sun fi ban takaici. Ƙaramar ƙ tana 409, ƴ ta rubutun Nijar tana 436, amma ɓ da ɗ an ajiye su a rukunin alamomin masana furuci, a 595 da 599. Ke nan ko a can ƙarshen layin da aka tura su ba su jeru daidai ba: ƙwai zai riga ɓera, ɓera ya riga ɗaki, duka kuma a bayan zuma.

'Y ta Najeriya kuwa ta dogara da wayar da aka buga ta. In miƙaƙƙiyar alamar nan ce ta allon kwamfuta, lambarta 39, sai 'Yankaba ta hau saman jeri gaba da Albasu. In waya ta lanƙwasa alamar da kanta, kamar yadda da yawa suke yi, lambar ta koma 8216 ko 8217, sai 'Yankaba ta faɗa ƙasan kowa, har da Ƙafin Maiyaki. A ido unguwa ɗaya ce, a wurin na'ura biyu ce.

Nan ne abin ya dawo kanmu, 'yan uwa, don wani ɓangaren matsalar mu muke ƙera shi da yatsunmu. A labaran da muke sakawa a Facebook da WhatsApp da Wattpad, ƙ tana fitowa a matsayin k, ko q, ko k mai alama a gefe. Ɓ tana fitowa a matsayin lamba 6. Ɗ kuwa kowa da yadda yake yi mata. Mai karatu yana ganewa, shi ya sa muke ganin ba komai. Amma count da index da remove ba sa ganewa, daidaito harafi da harafi suke nema. A ce an tara jerin mahalarta gasar gajerun labarai, kowa ya rubuta garinsu da hannunsa: wannan ya sa Ƙafin Maiyaki, wancan Kafin Maiyaki, wani Qafin Maiyaki, wani ya raba Mai da Yaki, wani ya taƙaita K/Maiyaki. In aka ce count ya ƙirgo 'yan Ƙafin Maiyaki, kaso ɗaya zai kawo, ya bar huɗu, kuma ba zai yi gargaɗi ba. Index da remove su sun fi gaskiya, in ba su samu abin ba sai su tsaya su ce babu shi a jeri. Lambar 6 kuwa 54 ce a teburin, ƙasa da A, don haka duk kalmar da aka fara da ita za ta zauna a saman ƙamus ɗinka. Ban ce kowa ya daina hira yadda ya saba ba. Amma rubutun da kake so a nemo shi bayan shekara ashirin, a ƙirga shi, a sa shi a ƙamus, bai kamata ya fita da q da 6 ba, tunda allon rubutun Hausa yana cikin wayoyin yanzu, sai dai a kunna shi.

Maganin ɓangaren na'ura yana cikin key ɗin nan na 2004. Da shi kake gaya wa sort kada ya dubi lambar Unicode, ya dubi ma'aunin da ka ba shi. Kana iya rubuta abajadar Hausa da hannunka a jeri, ka ce mazaunin kowane harafi a wannan jeri shi ne ƙimarsa. Layi kaɗan ne, ɗalibin da ya yi wata ɗaya yana koyo zai iya. Ko kuma ka jingina da aikin da aka riga aka yi: ma'ajiyar CLDR ta ƙungiyar Unicode tana da ƙa'idar tsara Hausa, kuma manhajar ICU tana aiki da ita. A can an rubuta cewa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, kuma an ɗauki ƴ da 'y a matsayin harafi ɗaya, abin da yake ba jerin Maraɗi da na Kano damar haɗuwa ba tare da 'ya'ya sun rabu gida biyu ba.

Sai dai ƙa'idar ta zo da wani hukunci da ya kamata mu tattauna a nan ƙasa, domin na ga marubuta sun kasu a kansa. CLDR ta ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, kamar yadda aka rera mana a aji ɗaya. Bisa wannan, sai an gama duk kalmomin s kafin a shiga sh, sai an gama duk na t kafin a shiga ts. Sumaila za ta riga Shanono, Tudun Wada ta riga Tsanyawa. Python ba tare da key ba akasin haka zai yi, kuma mutumin da idonsa ya saba da jerin Turanci a takardun gwamnati zai nemi Tsanyawa a gaban Tudun Wada, in bai gan ta ba ya ɗauka an manta da ita. Ni ina bayan tsarin makaranta, don ts sauti ɗaya ne, ba t da s ba, kuma in mun yarda ƙ ta samu babinta a ƙamus ban ga hujjar hana ts ba. Amma wanda zai bi wannan a littafinsa, ya rubuta layi ɗaya a saman manuniyar ya faɗi tsarin da ya bi. Sannan akwai ky da gw da ƙw da 'yan uwansu, waɗanda su ma sauti ɗaya ne a baki, amma ƙa'idar CLDR ba ta ware musu mazauni ba, ta bar Gwarzo tana bin bayan Gezawa a cikin babin G.